Rijiyarmu da Dada

A daminar farko bayan an daina kiran jiharmu Gongola an koma cewa Adamawa, wata ranar Lahadi cikin watan Agusta, ruwa ya tare ni a hanyar dawowa daga coci. Ina aji biyar na firamare a lokacin. 'Yan gidanmu sun riga ni tafiya, ni kuwa na tsaya koyon waƙa, ina sanye da farar rigar 'yan kwaya wadda Mama ta ce in na ɓata ta in nemi wata uwar. Da hadarin ya sako, sai na ruga na laɓe a ƙarƙashin rumfar get na sabon benen da ke saman layinmu a Damilu, wanda muke kira gidan Darakta ko da yake babu wanda ya san daraktan me ne. Ina nan tsaye na tattare riga, sai maigadin gidan ya fito da buhu a ka, riƙe da guntun ƙarfe. Ya nufi gindin katanga, inda bakin wani bututu ya leƙo waje, an toshe shi da itace naɗe da tsumma. Ya buga itacen ya fizge. Abin da ya fito ba zan ƙawata shi ba: baƙin ruwa ne mai kauri, tarin abin da mutanen gidan suka yi a masai tun ruwan da ya gabata, da takardu, da kumfa, da wani wari da ya doke ni har na ji shi a kan harshena. Maigadin ya hango ni, ya ce, "Yarinya, matsa gefe, kar ya taɓa miki kaya. Ruwa zai tafi da shi." Na matsa. Na tsaya ina kallon baƙin yana gauraya da jan ruwan hanya yana gangarawa, kuma ko sau ɗaya ban tambayi kaina ina zai tafi da shi ba, alhali gidanmu ne a ƙarshen gangaren.

Gidanmu da gidan Dada a da gida ɗaya ne. Dada tsohuwa ce Bafulatana, 'yar asalin cikin garin Yola, wadda mijinta Malam Bobbo ya fito da ita Damilu tun wurin yana daji, domin shanunsa su sami sarari. Lokacin da Baba ya zo daga Ganye ya kama aikin koyarwa a Jimeta, Malam Bobbo ya yanka masa rabin filinsa. Da aka zo jan layin katanga sai ga rijiya daidai tsakiya. Magina suka ce a karkata katangar ta faɗa gida ɗaya, tsohon ya ƙi. Baba ya sha ba mu labarin abin da ya faɗa a ranar: "Ƙasa na sayar, ban sayar da ruwa ba." Aka ɗora azarar giginya a kan bakin rijiyar, katanga ta bi ta kanta ta wuce, rabin baki a gidanmu, rabi a nasu. Malam Bobbo ya rasu ina goye, a lokacin da nake ba da labari kuwa Dada tana zaune da awakinta da wata maraƙa da jikarta Aisatu, wadda na girme ta da 'yan shekaru. Ɗanta yana kasuwanci a Yola, yana leƙo ta ranar Juma'a da buhun gero ko ƙullin goro. Ya yi ta lallashinta ta koma can, ita kuwa ta ce ruwan Yola ba ya shiga mata wuya.

Ƙofar gidansu tana kallon wani layi, tamu tana kallon wani, kafin ka zagaya ka shiga wurinsu sai ka yi tafiyar da za ka ji a ƙafa. Saboda haka rijiyar ce ƙofarmu ta gaskiya. In ka leƙa, ba ka ganin mutum, sai hannunsa da igiyarsa, amma in ruwa ya kwanta sai ka ga fuskarsa a ƙasa tana kallonka. Ni fuskar Dada a ruwa na fi sani, siririya, da ɗankwali baƙi da 'yan kunnen azurfa masu lilo. Kullum da sassafe Mama za ta jefa guga, ƙarar faɗuwarsa ce sallama. Daga can sai ka ji tsohuwa ta ce, "Maman Rifkatu, a wali jam?" wato kin kwana lafiya. Mama ta ce "Jam, Dada," Fulatancinta ke nan kaf, daga nan sai Hausa. A bakin rijiyar nan aka yi shawarar maganin shawara da na kunnen ƙanena, a nan aka yi gulmar duk wanda ya cancanta. Ranar Sallah dakkere da kindirmo ne ke ratso ƙarƙashin katangar a ƙwarya, ranar Kirsimeti shinkafa da cincin su koma, kuma Baba ba ya yanka kazar bikin da hannunsa, sai ya kira wani malami a layin ya yanka domin Dada ta ci da kwanciyar hankali. Ni da Aisatu mukan kwanta rub da ciki kowa a ɓangarenta muna yi wa juna gwalo a ruwa, har sai an ja kunnen ɗaya daga cikinmu.

Ruwan rijiyar nan kuwa har yanzu ban sha kamarsa ba. Fari ne tas, da ɗan sanyi, in ya kwana a randa sai ka rantse an sa masa wani abu. Matan unguwa da ke da nasu rijiyoyin sukan zo su roƙi tulu guda in za su dama kunun gyaɗa na baƙi. Ba wani sirri ba ne, ƙasar da ke samanmu ce take mana aikin. A lokacin da na fara wayo, daga bayan gidanmu har kan tudu babu komai sai gonakin jigari da gyaɗa da masara, da kuɓewa da yakuwa a gefe, da gamba mai tsawon da ke haɗiye babban mutum. In an yi ruwa, yakan tsaya a tsakanin kunyoyin gona ya yini yana nutsewa a hankali. Wanda ya kuɓuce ya gangaro sai ya faɗa wani kududdufi da ke tsakanin gonakin da gidajenmu, wanda ciyawa da jema suka kewaye. A nan yake hutawa, laka ta kwanta, sauran ya malala can ƙasa wajen tafkin Geriyo. A kududdufin nan muke kamun 'ya'yan kwaɗi a gwangwani, muna wanke ƙafa bayan mun taya Mama cirar ciyawa a 'yar gonarta, muna tsinko furen bado mu sa a kai mu yi amarya. Dada takan ce, "Ƙasa yana sha tukuna, sannan ya ba rijiya ragowa." Muna dariyar yadda take mayar da kowa namiji a Hausarta, har ƙasa, amma maganar tata haka take.

Sai masu awon fili suka zo da igiya da turakun siminti. Shekara guda aka ce kada kowa ya yi shuka a kan tudun, shekara ta biyu tifa ta fara sauke yashi. Aka sare kuka da tsamiyar da muke sha a hanyar makaranta, aka ƙone gamba. Gidajen da suka tashi ba irin namu ba ne. Kowanne katanga ce ta bulo da fasassun kwalabe a kai, rufin kwano mai faɗi, tsakar gida kuma an malale ta da siminti tun daga ƙofar ɗaki har get, domin matan gidan ba sa son laka a takalmi. Kowa ya ɗaga nasa dandamalin ya fi na maƙwabcinsa, ya huda katanga ya juya wa hanya bakin magudanarsa. Kududdufin ma bai tsira ba. Da farko bola aka riƙa zubawa a ciki, ta gidajen sababbin da ta kasuwa, har ya zama tsibi mai hayaƙi da ƙudaje. Daga baya aka rufe bolar da jar ƙasa, aka kafa turaku, aka ce fuloti ne. Wani ya saya ya gina gidan haya a kan ruɓaɓɓen shara, mutane suka shiga da murna suna guɗa.

Rijiyar ta fara nuna mana tun kafin mu gane. A bazarar shekarar nan, lokacin da zafin Yola ke sa mutum ya yayyafa wa tabarma ruwa kafin ya kwanta, sai da Baba ya ƙara wa guga igiya, abin da bai taɓa yi ba. Ƙasa ba ta sha da damina ba, me za ta ba rijiya? Da damina ta dawo kuma sai abin ya juye. Ruwan da a da yake yini a gonaki yanzu daga kwano yake faɗowa kan siminti, daga siminti ya fito hanya, kafin ka kwashe shanya ya iso mana gaba ɗaya, ja wur, da ƙarfin da ke ture yaro. Ya haƙe layinmu ya zama kwazazzabo. Da yake gidan hayar nan ya tare masa tsohuwar hanyarsa, sai ya riƙa taruwa a lungun da ke bayan katangarmu da ta Dada, taku kaɗan daga rijiya, ya kwana biyu a nan yana wari. Abin da yake kawowa kuwa sai wanda ya gani. Da an ji ɗigon farko a kan kwano za ka ga yara da 'yan aiki suna fitowa a guje daga manyan gidajen nan da bokitan shara suna juyewa a hanya, kamar an buga musu ƙararrawa. Ledoji, hanjin kaji, ƙunzugun jarirai, mushen ɓera, ruɓaɓɓen tuwo, duk a lungunmu suke yada zango. Mukan toshe hanci mu wuce, muna cewa Allah ya kyauta, a tunaninmu ƙazantar ta tsaya a waje tunda akwai katanga.

Bayan Lahadin nan da na ba da labari da 'yan kwanaki, Mama ta ja guga da safe ta tsaya tana kallonsa. Ruwan ya yi kalar shayin da aka tsinka, da wani ɗan maiƙo a sama. Ta kai hanci, ta kawar da fuska. Na leƙa rijiyar ban ga fuskar kowa ba, ban ma ga tawa ba. Daga can Dada ta ce, "Maman Rifkatu, a wali jam?" Mama ta ce, "Jam, Dada," ta tambayi ƙafar tsohuwa da tarin Aisatu, ba ta ce uffan game da ruwa ba. Da ta shigo ɗaki ta ce wa Baba ruwa ba ya tsami banza, kuma ita ta san daga inda abin yake. A daminar nan Dada ta matso da turken awakinta da maraƙar kusa da rijiya saboda rumfarsu ta rushe, muna jin kukansu da warin fitsarinsu ta ƙarƙashin katanga. Baba ya ce to a faɗa mata mana. Mama ta dube shi kamar ya ce ta je ta mari tsohuwar. Matar da ta yanke wa ƙanena cibiya, wadda mijinta ya ba mu rabin ruwansa kyauta, ita za a leƙa ta rijiya a ce wa gidanki ya yi ƙazanta? Mama ta ce bakinta ba zai iya ba, a bar kaza cikin gashinta, in damina ta wuce a yashe rijiyar shiru.

Dabarar da ta ɓullo da ita ke nan. Kowace safiya, kafin a buga ƙararrawar makaranta, ni da yayata mu ɗauki bokitai mu fita ta ƙofarmu mu je famfon tuƙa-tuƙa na firamarenmu, mu bi layi da 'yan unguwa, mu dawo wuya na ciwo ruwa na zuba a kan yunifom. Wannan shi ne na sha da girki. Amma Mama ba ta daina jefa guga ba ko rana ɗaya. A ganinta, in tsohuwa ta ji shiru a bakin rijiya za ta gane an guje ta, shirun zai faɗi abin da baki ya ƙi faɗa. Saboda haka kullum sai ta jefa, ta ja, ta gaisa, ta yi hira kamar da, sannan ta kai ruwan bayan ɗaki ta zuba wa ayaba da agwaginta. Muna da agwagi a lokacin, ƙazamai kamar kowane agwagi, suna yawo a tsakar gida suna tsuguno inda suka ga dama. Da yayata ta ce ko mu kai wa Dada bokiti guda daga famfo, Mama ta ce kai mata ruwa da zaginta duk ɗaya ne. Kuma ta tabbatar wa kanta cewa Dada mace ce mai tsabta da hanci, ta riga ta ji warin, lallai ɗanta yana kawo mata jarka daga Yola, gugan da take jefawa na awaki ne kawai. Mama ta ɗauka wasa ɗaya suke yi su biyu, kowa na rufa wa 'yar'uwarta asiri.

Haka aka tafi har jigari ya fara ja a 'yan gonakin da suka rage. Wata safiya Mama ta jefa guga ba a amsa ba. Ta sake jefawa, ta kira, sai muryar Aisatu ta fito a shaƙe, ta ce Dada tana kwance tun jiya, amai da gudawa, ita ma cikinta yana murɗa. Mama ta saki igiyar a rijiya ta zari mayafi, na bi ta a baya muka zagaya. Abin da na fara gani a tsakar gidan shi ne randar Dada a gindin zogale, an ɗaure bakinta da farin ƙyalle wanda ya koma ruwan ƙasa saboda tata. A gefe ga turmi ƙarami da dakakkun 'ya'yan zogale da take zubawa domin laka ta kwanta. Babu jarka ko ɗaya a gidan. Mama ta buɗe randar ta sunsuna, ta dafa bango. Turken awakin kuwa a share yake tas, an zuba toka, an yi masa 'yar hanya da ke kai fitsarin nesa da rijiya.

Dada tana kan tabarma, idanunta sun faɗa, fatar hannunta ta tattare kamar busasshiyar kuɓewa. Mama ta durƙusa ta ce, "Dada, ruwan nan kike sha?" Tsohuwa ta ɗaga kai da ƙyar ta ce, "Na ga ya canja. Na ce agwagin ka ne, ban so in ba ka kunya. Amma kullum ina jin gugan ka. Na ce in mai yara ƙanana yana sha, ni tsohuwa me zan ce?" Mama ta faɗa mata gaskiya a nan take, tana kuka, ta ce mun daɗe da dainawa, famfo muke zuwa, ita kuma awaki ta zarga. Dada ta yi wani ɗan murmushi da ban so in sake ganin irinsa ba. Ta ce, "Ni ina maka kara, kai kana mini kara, rijiya yana cin mu." Baba ya nemo mota aka kai su asibiti, aka yi ta ƙarin ruwa. Aisatu ta tashi bayan 'yan kwanaki. Dada jikin tsufa ne, ɗanta ya ɗauke ta daga asibiti ya wuce da ita Yola, ba ta sake taka Damilu ba.

Tana can kwance aka sake yin wani ruwa mai ƙarfi da rana. Mama ta fita cikinsa ba lema ba mayafi ta tsaya a bakin rijiya, ni ma na bi ta. Muka leƙa. Ba ta ɓangaren awaki ba, ba ta ɓangaren agwagi ba, ta gefen lungu ne, ƙasa kaɗan da baki, inda ginin rijiyar ya tsage, wani baƙin ruwa yake tsiyaya kamar igiya yana sauka a cikin abin shanmu. Warin ya taso ya same ni, na gane shi nan take, domin na taɓa jin sa a kan harshena. A nan ne na ba Mama labarin maigadi da bututu da itacen da aka naɗe da tsumma. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta juya ta yi amai a gindin ayaba. Ni ma da na tuna cewa kafin a fara zuwa famfo mun yi kwanaki muna dama kunu da ruwan nan, sai da na yini ban kai komai bakina ba.

Baba ya ɗauki Jauro, mai unguwarmu, suka hau tudun. Da suka bi layin suna duba gindin katangu, sai suka tarar ba gidan Darakta kaɗai ba ne. Kusan kowane sabon gida yana da irin bututun nan da toshiyarsa, domin kiran motar kwasar masai tsada ne, ruwan sama kuwa kyauta. A cikinsu akwai dattijon cocinmu da ke karanta mana nassi ranar Lahadi, akwai Alhajin da ba ya rasa sahun farko, mutanen da ba za su taɓa abinci ba sai sun wanke hannu da sabulu mai ƙamshi. Darakta ya bar su a tsaye a get har suka gaji, sannan ya fito da jallabiya fara fat yana sakace. Baba ya ce ko gaisuwar kirki bai yi ba, cewa ya yi, "Malam, ni a hanya na zuba, hanya ta gwamnati ce. Ni na ce ruwa ya bi ta gidanku? Ku haƙa bohol mana, wa ke shan rijiya yanzu?" Jauro ya ce a yi haƙuri, za a duba. Ban san abin da ya fi ba ni ƙyama ba har yau, abin da ya fito daga bututun ko abin da ya fito daga bakin mai shi. Na farkon dai ko ba komai bai sa farar riga ba.

Dada ta rasu kafin a gama girbi. Muka je gaisuwa Yola, Mama ta zauna cikin matan gidan tana hawaye, su kuwa suna ta ba ta haƙuri suna cewa kwana ne ya ƙare. Babu wanda ya ɗora mata laifi, wannan ma ya fi yi mata ciwo. Ɗan Dada ya sayar da gidan, Aisatu ta zauna a can wurinsu, tun muna aika wa juna gaisuwa har muka ɓace wa juna. Wanda ya sayi gidan ya ce ba ya son rami a gindin katangarsa. Aka kawo tifar ƙasa da ɓaraguzan gini aka cike rijiyar, aka cire azarar giginya, aka toshe wurin da bulo. Mama ta yanka agwaginta duka ta raba wa maƙwabta, ko da yake ta san ba su da laifi, ta ce ba ta son ganinsu.

Yanzu ina zaune a Nassarawo da nawa iyalin, Mama tana wurina, ta tsufa har ta kai shekarun Dada. In na bi ta Damilu ba na gane inda kududdufin yake, ko ina bulo ne da kwano da intalok, babu tafin ƙasa guda da ruwa zai tsaya ya nutse. Kowace damina sai ka ji ruwa ya shiga ɗakunan mutane ya jiƙa katifu, kowace bazara kuma sai ka ga mata da jarkoki suna bin masu kura. Ruwan da muke sha a leda yake zuwa, mu tsotse mu jefar, ledar ta je ta toshe kwata, kwata ta dawo mana da shi har gado. Masu hali sun haƙa bohol a cikin gida, taku kaɗan daga ramin masan maƙwabci, suna sha suna gode wa Allah. Kuma har gobe, da an ji ɗigon farko a kan kwano, sai ka ga yara sun fito a guje da bokitan shara, iyayensu na tsaye a ƙofa suna cewa su yi sauri kafin ruwa ya ɗauke. Kowa ya san akwai wani a ƙasan gangare, amma tunda ba ya ganin fuskarsa, shi ke nan.

Mama ba ta shan ruwa sai ta sunsuna, ko a gidan wa take, kuma in ta ji wani abu a nan take za ta faɗa, ko gaban suruki ne. In hadari ya haɗo takan sa a fitar mata da kujera bakin ƙofa, ta zauna da sandarta tana jiran mai bokiti na farko, ta kira shi da sunan uwarsa ta ce ya koma da abinsa. A layinmu ana ce mata tsohuwa mai baki, jikokina suna jin kunya, ni kuwa ba na hana ta. Wani lokaci da sassafe, in na ji an jefa bokiti a cikin duro, sai in tsinci kaina ina sauraron ko za a amsa daga bayan katanga. Katangar tamu doguwa ce, da waya a kanta, ban ma san sunan matar da ke bayanta ba. Tun daga Dada ban sake shan ruwan da na ga fuskar maƙwabci a cikinsa ba.